Ɗan Ƙaramin Biki a Duwatsun Amurka: Rocky Mountain, Grand Teton, Yosemite ko Glacier?

A 'yan shekarun nan matasan Amurka da dama sun daina kama babban zaure su tara mutum ɗari uku. Ango da amarya kan ɗauki iyayensu, ko aminai biyu zuwa uku da mai hoto, su nufi ɗaya daga cikin gandayen dajin gwamnatin tarayya da ke cikin duwatsu, a yi abin da za a yi cikin awa guda, a ci abinci, kowa ya kama gabansa. 'Ya'yanmu da ke karatu ko aiki a can sun fara sha'awar abin, kuma dalilinsu a fili yake. Dangi suna Kano ko Damagaram, biza ta yi wuya, kuɗin kama zaure da ciyar da jama'a a Houston ko New York kuwa yana iya lashe ajiyar shekara.

Ba auren ɓoye nake nufi ba. Waliyyi da sadaki da shaidu da siga suna nan inda suke, hawa dutse bai ɗauke ko ɗaya ba. Mu al'adarmu ma ta riga ta sauƙaƙa, tunda wakilai ne ke ɗaura aure, amarya ba ta zuwa wajen. Ana iya ɗaura shi a ƙofar gidan mahaifinta a Zariya ranar Asabar, a raba goro da alawa, su kuma ma'auratan su hau dutse ranar Talata don takardar gwamnati da addu'a da hotuna. Wanda waliyyinsa ke Amurka yana iya yin duka a wuri ɗaya.

Gandaye huɗu ne aka fi rububinsu: Rocky Mountain a jihar Kolorado, Grand Teton a Wyoming, Yosemite a Kalifoniya, sai Glacier a Montana. Yawancin mutane da hoton da suka gani a Instagram suke zaɓe. Ni a ganina hoto ne ya kamata ya zo ƙarshe, domin dukkansu huɗun kyawawa ne, ba wanda zai ba ku kunya. Abin da zai raba gardama shi ne lafiyar wanda ya fi kowa rauni a cikin tawagarku, da watan da kuka samu hutu, da dokar aure ta jihar.

Ku fara da tudu, kafin komai

Wannan maganar masu hoton Amurka ba sa yawan kawo ta, amma mu ta shafe mu fiye da su. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar sikila, wato jininsa AS ne. A Kano, wadda tudunta bai kai mita 500 daga teku ba, mai AS zai yi rayuwarsa har tsufa bai san yana da wani abu ba. A kan dutse lamarin ya bambanta. Iskar da ake shaƙa tana raguwa, ƙwayoyin jini suna iya lanƙwashewa su toshe hanyar jini a saifa, mutum ya kama ciwon ciki mai tsanani ta gefen hagu. Ɗan wasan ƙwallon Amurka Ryan Clark, mai AS, ya buga wasa a Denver a 2007, ƙarshenta sai da aka cire masa saifa da madaciya, kuma ƙungiyarsa ba ta ƙara sa shi wasa a birnin ba. Denver ɗin nan tudunta mita 1,600 ne kawai. Ba kowane mai AS abin ke samu ba, akasarinsu suna zuwa su dawo lafiya, amma mai SS kam kada ya sa ƙafa sai likitansa ya amince. Tunda dama ana gwajin jini kafin aure, sakamakon yana hannunku, ku duba shi kafin ku sayi tikiti. Haka nan amarya ko baƙuwa mai juna biyu, da dattijo mai hawan jini ko ciwon zuciya.

Ga yadda wuraren suke. Kwarin Yosemite yana kan mita 1,200, daidai da garin Jos. Tafkin McDonald na Glacier bai ma kai mita 1,000 ba, mashigar Logan da ke tsakiyar gandun kuma ta ɗan haura 2,000. Kwarin Jackson Hole, inda ake tsayawa a kalli duwatsun Teton, yana tsakanin mita 1,900 da 2,100. Rocky Mountain ne ya yi wa sauran fintinkau: garin Estes Park da za ku kwana yana kan kusan mita 2,300, tafkin Sprague da ake yawan ɗaura aure a bakinsa ya haura 2,600, hanyar Trail Ridge kuma ta kai mita 3,713. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. Wato wanda ke tsaye a bakin tafkin Sprague ya fi ƙololuwar Najeriya tudu, alhali ko hawa bai fara ba. Daga wajen mita 2,500 ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya suke fara kama masu lafiya ƙalau.

Rocky Mountain: sauƙin takarda, wahalar numfashi

In aka ajiye maganar tudu, wannan ne ya fi sauƙin shiryawa, nesa ba kusa ba. Filin jirgin Denver yana karɓar jirage kai tsaye daga kusan kowane babban birni na Amurka, daga nan zuwa Estes Park tafiyar awa ɗaya da rabi ce zuwa biyu a kan kwalta. Denver da Aurora cike suke da Musulmi, 'yan Habasha da Somaliya da Sudan da 'yan Afirka ta Yamma, akwai masallatai da shagunan naman halal. Akwai cibiyar Musulunci a Boulder, akwai a Fort Collins, dukansu kamar tafiyar awa guda daga ƙofar gandun. Liman zai iya yin Asuba a gidansa, ya zo ya yi muku addu'a, ya koma kafin Azahar. A sauran ukun wannan ba ya samuwa cikin sauƙi haka.

Dokar Kolorado kuma ta fi ta kowa sassauci. Lasisin aure dala 30 ne a ofishin kowace gunduma, ana bayarwa a ranar, yana aiki kwana 35. Ma'aurata suna iya sa hannu da kansu, ba sai da jami'in ɗaurin aure ko shaidu ba, gwamnati ta karɓa. Wannan ya dace ƙwarai da waɗanda aka riga aka ɗaura musu aure a gida. Amma a fahimta, sa hannun nan bukatar gwamnati kawai ya biya. Mutum biyu su kaɗai a bakin tafki ba waliyyi ba shaidu, ba su yi aure a Musulunci ba, ko da takardar ta sha hatimi.

Hukumar gandun ita ce mai tsauri. Takardar izininta ta fi ta sauran tsada, dala 300, kuma adadi ne ƙayyadadde: 60 a wata daga Mayu zuwa Oktoba, 40 a sauran watanni. Ana fara karɓar buƙata shekara guda kafin watan bikin, na bazara kuwa ba sa daɗewa suke ƙarewa. Ba a wuce mutum 30, har da ango da amarya da mai hoto, wasu wuraren ma 15 ne iyakarsu. Ko ku biyu ne rak, dole ku tsaya a ɗaya daga wuraren da aka ware, irin su tafkin Sprague, tafkin Lily, Upper Beaver Meadows ko lanƙwasar da ake kira 3M. Tafkin Sprague yana da hanya shimfiɗaɗɗiya da keken guragu ke iya bi, ga duwatsu a bayanku suna haskawa a cikin ruwa.

A Yuli da Agusta kusan kullum hadari yana haɗuwa bayan Azahar, da tsawa mai kisa a kan tudu, don haka da safe ake yi. Ƙarshen Satumba ganyen itatuwa ya koma ruwan zinariya, manyan bareyin elk suna kukan barbara a fili, sai dai lokacin ne garin ke cika maƙil. Idan duk tawagarku matasa ne masu jinin AA, ku kwana biyu a Denver jiki ya saba, ku sha ruwa da yawa, sannan ku hau. Idan akwai Hajiya a cikinku, ku karanta na gaba.

Grand Teton: dutsen da ake gani daga cikin mota

Wannan ne nake ba wa duk wanda zai zo da iyaye shawara, kuma dalilin yana cikin yadda Allah Ya tsara wurin. Duwatsun Teton ba su da 'yan tuddai a gabansu. Fili ne shimfiɗaɗɗe, sai kawai dutse ya miƙe sama fiye da mita 2,000 daga inda kake tsaye, ƙololuwarsa ta kai mita 4,199. Saboda haka ba sai an hau komai ba. A tsayar da mota, a yi taku ashirin, ga abin da wasu ke tafiyar yini a ƙafa don su gani. Tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta samu kallo iri ɗaya da saurayi mai ƙarfi. Filin jirgin Jackson Hole ma a cikin gandun yake, shi kaɗai ne filin jiragen fasinja a cikin irin waɗannan gandaye a duk Amurka. Ana saukowa daga matakalar jirgi an riga an iso.

Izini dala 200 ne, kuma iri biyu ne. Na farko na wuraren da aka ware: Schwabacher Landing a bakin wani reshe na kogin Snake, Mormon Row inda tsoffin rumbunan katako na manoman farko suke, bakin tafkin Jackson a Colter Bay, da wasu wuraren tsayawar mota kamar Glacier View da Mountain View. Waɗannan suna ɗaukar mutum 25 zuwa 40 gwargwadon wurin, daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Oktoba, kuma Schwabacher ne ke fara ƙarewa da zarar an buɗe karɓar buƙata. Na biyu na ƙaramin taro ne da bai wuce mutum 12 ba, wanda ke ba ku damar zaɓen wani wuri dabam a cikin gandun. Ga ango da amarya da iyaye huɗu da liman da mai hoto, wannan na biyun ya wadatar, ya kuma fi sauƙin samu.

Wyoming tana buƙatar jami'in ɗaurin aure da shaidu biyu, lasisi dala 30 ne, ba jira. Shaidu biyu dama muna da su. Inda gizo ke saƙa shi ne limami da abinci da masauki. Babban birni mafi kusa mai masallatai da yawa shi ne Salt Lake City, tafiyar kusan awa biyar, don haka ko dai ku taho da malaminku ku biya masa jirgi da ɗaki, ko a gama ɗaurin aure kafin a taso. Garin Jackson wurin hutun attajirai ne, kuɗin otal a bazara yana tayar da hankali, tikitin jirgin ma ya fi na Denver tsada. Wasu kan kwana a Victor ko Driggs ta ɓangaren Idaho inda ya fi araha, amma sai an tsallaka mashigar Teton mai hawa da gangara, abin da ba shi da daɗi da ƙarfe huɗun dare da amarya cikin kwalliya. 'Yan'uwa Kirista suna da wata 'yar majami'ar katako a cikin gandun, Chapel of the Transfiguration, wadda aka gina a 1925, tagarta tana fuskantar duwatsun.

Da hudowar rana ake cin moriyar wurin, domin duwatsun gabas suke fuskanta, hasken farko yana sauka a kansu su yi ja. Wannan yana da wata fa'ida da ta shafe mu kai tsaye. A bazara Wyoming da Kolorado da Montana suna bayan Najeriya da Nijar da awa bakwai, Kalifoniya da awa takwas. Ƙarfe shida na safe a Teton ƙarfe ɗaya na rana ne a Katsina, kaka da gwaggo suna iya kallo ta WhatsApp su sa albarka. Bikin faɗuwar rana kuwa ƙarfe ukun dare zai kama a gida. Sabis ɗin waya ya fi samuwa a kudancin gandun, kusa da babbar hanya. Amma ku shirya wa sanyi: ko a Yuli asubahin kwarin yana sauka kusa da digiri 5, a Satumba yakan kai ga ƙanƙara. Shadda da leshi ba sa tare wannan, sai an sa rigar ɗumi a ciki, a riƙe bargo a mota.

Yosemite: na watan Mayu ne

Idan akwai mai sikila da likitansa ya amince, ko mai juna biyu, nan ne amsa. Kwarin yana ƙasa, iska wadatacciya, duwatsun ne ke kewaye da kai ta sama: El Capitan, bango guda na dutse mai tsawon kusan mita 900, da Half Dome, da ruwan Yosemite Falls da ke zubowa daga mita 739. Ba wani wuri a cikin huɗun da ke sa mutum ya ɗaga kai ya yi tasbihi kamar nan.

Sai dai ruwan nan narkakkiyar dusar ƙanƙara ce. A Mayu yake kan ganiyarsa, zuwa Agusta sau da yawa ya ƙafe, sai tabo a jikin dutse. Wanda ya ga hoton Mayu ya sa rana a Agusta zai tarar da zafi sama da digiri 30, cunkoson motoci, da yiwuwar hayaƙi. A 2018 gobarar daji ta Ferguson ta sa an rufe kwarin kusan mako uku daga ƙarshen Yuli. Kusan mutum miliyan huɗu ke shiga gandun a shekara, kuma mafi yawansu a wannan ɗan kwarin suke taruwa. In Mayu bai samu ba, Oktoba ya fi bazara: ba ruwa, amma ba jama'a, ga sanyi daidai.

Izini dala 150 ne, ana nema daga shekara guda zuwa kwana 21 kafin ranar, ba a bayarwa a ranakun manyan hutu. Taron da bai kai mutum 11 ba yana da 'yancin zaɓen wurare da yawa, wanda ya haura haka sai wuraren da aka ware, kamar Cathedral Beach da Sentinel Beach a bakin kogin Merced, ko dandalin Glacier Point a sama. Hanyar Glacier Point a rufe take duk lokacin sanyi, yawanci sai cikin Mayu ake buɗewa, kuma can mita 2,200 ne, wato fa'idar ƙasa-ƙasan ta tafi.

Zan tsaya kan Taft Point, wani wurin kallo a saman kwarin, domin hotonsa ne ke jawo da yawa daga masu zuwa: amarya a bakin gaɓar dutse, rana tana faɗuwa, ƙasa can nesa. Tafiyar kilomita uku da rabi ce zuwa da dawowa, wanda ba komai ba ne. Amma galibin bakin gaɓar babu shinge, kuma a Oktoban 2018 wasu matasa mata da miji sun faɗo daga nan sun mutu. Babbar riga da laffaya da mayafi iska suke kamawa. Idan mai hoto ya ce ku ƙara matsawa baki, ku ce a'a. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Lasisin Kalifoniya ana karɓa a kowace gunduma ta jihar, yana aiki kwana 90, kuɗinsa ya danganta da gundumar, ana buƙatar jami'i da aƙalla shaida ɗaya. Daga Fresno, inda akwai masallatai da abincin halal, tafiyar kamar awa biyu da rabi ce, daga San Francisco kamar huɗu, ƙarshen hanyar duk lanƙwasa. Masaukin cikin kwarin yana cika watanni kafin lokaci, sai a koma El Portal ko Mariposa. Ga wani abu da ake rainawa: beyar ɗin Yosemite, manyan namun dajin da Bature ke kira bear, sun iya fasa mota. Kilishi da dambun nama da cincin ɗin da aka yo guzuri kada su kwana a but, doka ce ma, akwai akwatunan ƙarfe da aka tanada.

Glacier: mafi kyau, mafi rashin tabbas

Ba zan daɗe a nan ba, domin ga mafi yawanmu bai dace ba, duk da cewa ni a idona ya fi sauran kyau. Tafkuna shuɗaye, duwatsu masu kaifi, hanyar Going-to-the-Sun mai kilomita 80 da aka sassaƙa a jikin dutse aka buɗe a 1933. Izininsa ne mafi araha, dala 125, lasisin Montana dala 53.

Matsalar lokaci ce. Ba wanda ke sanin ranar da za a gama kwashe dusar ƙanƙara a buɗe hanyar gaba ɗaya, wani lokaci ƙarshen Yuni, a 2022 sai 13 ga Yuli. Agusta kuma watan hayaƙi ne, gobarar 2017 ta ƙone tsohon masaukin Sperry, ta 2018 ta ci gefen tafkin McDonald. Tsakiyar Oktoba an sake rufewa. Abin da ya rage na tabbas bai fi 'yan makonni ba. Idan hanyar tana rufe, zuwa yankin Many Glacier na gabashin gandun daga yamma zagaye ne na awanni. Sabis ɗin waya kusan babu, wato dangi ba za su kalla ba. Montana tana cikin jihohin da Musulmi suka fi ƙaranci. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura na dare, Isha ta yi nisa, Asuba ta matso, barcin amarya ya zama awa uku. Ga ɓangaren gabas da iska mai ƙarfi wadda ba ɗaurin ɗankwalin da zai tsaya mata. Ya dace da mutum biyu da aka riga aka ɗaura musu aure, masu son tafiyar ƙafa, masu hutun mako guda da za su iya matsar da rana in yanayi ya ƙi.

Abin da ba ya canzawa ko'ina

Takardar izini ba ta mallaka muku wurin. Masu yawon buɗe ido za su wuce ta gefenku, wasu su tsaya kallo, wasu su ɗauki hoto. Amaryar da ba ta son idon baƙi ta zaɓi ranar Talata ko Laraba da sassafe, shi ne kawai maganin. Ba lasifika, ba kiɗa, ba rumfa, kujeru sai 'yan kaɗan don tsofaffi in an yarda. Ba watsa furanni ko shinkafa, liƙi ma a bar shi sai an koma masauki, domin iska za ta kwashe kuɗin ta zuba a tafki. Kaskon turaren wuta shi ma ya jira a ɗaki, a daji mai kama wuta ba a wasa da garwashi. Ɗan jirgin ɗaukar hoto haramun ne a dukkan gandayen tun 2014. A Teton da Glacier akwai manyan beyar masu haɗari, doka ta ce a ba su tazarar kusan mita 90, sauran dabbobi kusan mita 23, a kuma riƙe feshin korar beyar in za a shiga daji. Ba a hawa jirgi da shi, a can ake saye.

Kuɗin shiga dala 35 ne ga mota na mako guda, izinin biki bai ɗauke shi ba. Daga farkon 2026 kuma an ƙara wa waɗanda ba mazauna Amurka ba dala 100 a kan kowane mutum mai shekara 16 zuwa sama a gandaye 11 da suka fi cika, kuma huɗun nan duk suna ciki. Wanda iyayensa za su zo da bizar ziyara ya sa wannan a lissafi, ya kuma duba ko katin shekara na baƙi, dala 250, zai fi masa sauƙi tunda yana ɗaukar mota guda. Kuɗaɗen izini da ƙa'idar yin rajistar shiga suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka shafin hukumar gandun ne abin dogaro, ba shafin mai hoto ba.

To wanne?

Idan da iyaye ko kakanni, kuma aljihu zai ɗauka, Grand Teton, tsakiyar Yuni ko tsakiyar Satumba, da izinin mutum 12, a gama ɗaurin aure kafin a taso. Idan akwai mai SS, ko mai AS da likita ya gargaɗa, ko mai ciki, kwarin Yosemite a Mayu, kada a hau Glacier Point. Idan kuɗi ne damuwa, ko kuna son liman ya tsaya a wurin, kuma kowa matashi ne mai lafiya, Rocky Mountain, duk da tsadar izininsa, domin abin da za ku rage a jirgi da masauki da abinci ya ninka wannan dala 300. Glacier ku ajiye shi don yawon amarci.

Da kun tsayar da wuri, izinin gandun za ku fara nema, kafin mai hoto, kafin otal, kafin tikiti, domin shi kaɗai ne ba a samu da ƙarin kuɗi in ya ƙare. Ofishin gunduma ba ya buɗewa Asabar da Lahadi, kuma dole ku biyun ku je da fasfo ko katin shaida, don haka ku iso da ranar aiki a gabanku. Ku kuma yi hattara da makon farko na Oktoba. Shekarar kasafin kuɗin gwamnatin tarayya ranar 1 ga Oktoba take farawa, in majalisa ba ta daidaita ba sai ayyuka su tsaya. A 2013 ayyukan gwamnati sun tsaya kwana 16, aka rufe gandayen, masu izini a hannu suka tarar da ƙofa a garƙame. Wanda ya nace wa wannan makon ya tanadi wuri na biyu a wajen gandun, ko da farfajiyar gidan da ya kama haya ce.